Shekarar da Aka Ce Kifin Babanmu Guba Ne

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da wannan shekarar.

Babanmu masunci ne a tabkin Madarumfa, ni kuma nake soya abin da ya kamo in sayar a bakin hanyar Ɗan Issa. Autarmu tana karatun kimiyya a Maradi. Da ta zo hutu sai ta roƙi Baba kifi iri biyu, na tabki da na wani kududdufi da yake kamu a ciki da damina, kusa da inda ake zubar da matattun batura. Ta ce za ta kai a auna ko akwai dalma, ƙarfen nan na cikin batura, a naman, don dalma ba ta fita da wanki ko suya, taruwa take a jiki ta taɓa hanta da ƙoda.

Kuskurenta ɗaya, a gaban mata masu wanki ta faɗa. Kafin la'asar gari ya ɗauka kifinmu guba ne. Aka ƙaurace wa kaskona, sai ni da ƙudaje. Baba dai ya rataye tarunsa.

Ranar da Auta ta dawo da sakamakon awon, tun kan babur ɗin kabu-kabu take ɗaga murya: "Baba, na tabki lafiya lau! Na kududdufin ne ke da dalma, shi za ku bari."

Baba ya miƙe yana dariya har hularsa ta faɗi. "Wannan ɗan ramin? Na bar wa kwaɗi, su ci lafiya!"

Washegari ya cika mana kwando da karfasar tabki. Auta ta karɓe girkin, ta jibga zogale da tumatir da albasa, ta matse lemun tsami. "Yaya, ƙara zogalen," in ji ta. "Yana da sinadaran da ke taya jiki rage ɓarnar irin wannan ƙarfen. Ba magani ba ne, garkuwa ce."

Ƙamshi ya jawo matan da suka guje ni, kowa da kwanonta. Wadda ta fi kowa yaɗa zancen, baki cike da kifi, ta ce, "Ni dama wallahi ban taɓa yarda ba." Muka yi dariya har da hawaye.

Tun daga ranar na gane bincikar abin da muke ci ba ya kashe sana'a. Mai saye ya fi sakin jiki da wanda ya yarda a duba kayansa.