Wa Ke Tare Da Shi?

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Da hantsin Laraba, tara ga watan jiya, labari ya iso gidanmu cewa Allah Ya karɓi ran Saje, tsohon sojan nan da ma'aikatan asibitin sojoji suka laƙaba wa suna Ni-ne. Na yi digiri a nazarin zamantakewar al'umma, ban kuma taɓa shiga mahawarar da kalma ta ƙure mini ba, amma tun daga wannan rana alƙalamina ɗingishi yake yi.

Saje, bari in fayyace asalin laƙabinka ga waɗanda ba su san ka ba. Soja yakan ƙarar da ƙuruciyarsa ana cilla shi daga bariki zuwa bariki, har ya yi ritaya a garin da ba shi da dangin iya balle na baba. Ranar da ciwo ya kama shi, ko matarsa, ko marayun da ya bari, sai ma'aikaciyar jinya ta ɗaga kai ta yi tambayar da ƙa'ida ta wajabta mata: "Wa ke tare da shi?" Wanda ba shi da mai jinya ba a ba shi gado. Wannan wagegen giɓi ne da masu tsara manufofi ba su hango ba, kuma ina faɗa ba tare da shayi ba. Kai kuwa sai ka ɗaga sandarka daga bencin nan na bakin ɗakin yankar kati, ka ce, "Ni ne." A haka ka zama yayan matar da ba ka taɓa gani ba, ka zama kawun yaron da sai a bakin gado ka tambayi sunansa. An ce babbar sista ta taɓa tambayarka, "Baba, wai 'yan'uwanka nawa ne?" Ka ce, "'Yata, wanda ya ci tukunya ɗaya da bataliya guda ai ba a ƙirga masa dangi."

Namu alherin ya fi wannan nauyi. Mahaifina, wanda ya ajiye aiki yana kofur, ya dawo daga fagen daga da gaɓoɓinsa cikakku, amma wani sashe na hankalinsa bai biyo shi gida ba. Likita ya ɗora shi kan allura duk wata. In ya tsallake ta, sai ya daina gane mu, ya ture kwanon Mama yana cewa abokan gaba sun sa hannu a ciki. Shi kuma bai yarda akwai abin da ke damunsa ba. Mama ta yi lallashi har ta gaji. Ni na zayyana masa hujjojin kimiyya dalla-dalla, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Igiyarka nawa?" Umarnin na gaba da shi kaɗai yake ji. Igiyarsa biyu, taka uku.

Saboda haka duk ranar allura kake zuwa. Ka tsaya a ƙofar falo, ka buga sanda a siminti, ka ce, "Kofur, fareti." Mutumin da ya gagari gida sai ya miƙe ya ƙame. Ka juyo gare ni: "Kurtu mai digiri, ɗauko wa ubanka takalmi. Turancin nan kuma ka bar shi a gida, akwai layi." Mama takan ce, "Saje, ni da na tsufa a ɗakinsa ban isa ba, sai kai?" Ka ce, "Uwargida, laifinki ne da ba ki shiga soja ba."

Mun ɓoye masa rasuwarka don tsoron abin da za ta tayar, har ranar allura ta zagayo. Ya yi wanka, ya zauna yana fuskantar ƙofa, hularsa a kan gwiwa. Rana ta ɗaga. Ya ce, "Saje ba ya makara." Mama ta durƙusa gabansa ta ce, "Baban yara, Saje ya riga mu gidan gaskiya." Can ya ce, "An rufe shi ba ni a sahu?" Sai ya dafa bango ya miƙe. "In saje ya faɗi, kofur ke jan layi. Kurtu, takalmina."

Mun isa asibiti yana gaba ina biye. Ma'aikaciyar da ke kan tebur ta karɓi katinsa, bakinta ya riga tunaninta: "Wa ke tare da shi?" Baba ya waiwaya ga bencinka. Ita ma ta waiwaya, sai ta dafe baki. Ni da nake alfahari da yalwar kalmomi, biyu kacal na samu, su ma aro ne daga gare ka. Na ce, "Ni ne."

An yi masa allurar. Ban sani ba ko watan gobe zai tuna cewa shi ke jan layi. Na dai san a kan bencin nan na bar wata tsohuwa da jikanta a cinya, tana ta duban ƙofa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka da 'ya'yanka, waɗanda suka yi haƙurin raba ka da mu, da kuma ɗimbin dangin da ka ƙulla a bakin gadon asibiti. Allah Ya ba mu juriyar rashinka. Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata makwancinka. Ranar da kowa zai tsaya shi kaɗai, ba ɗa ba ɗan'uwa, Allah Ya sa ayyukanka su miƙe a gefenka su ce, "Mu ne." Amin.