Mijinyawa da Gurgun Karensa

Mijinyawa manomin rake ne a wani ƙauye na Kurmin Kogi, ni kuma magatakardan dagacin ƙauyen. Tun muna yara ba mai yawan magana ba ne. Da matarsa ta rasu sai ya tare a bukkar gona, daga shi sai Duna, baƙin karen da ke yi masa gadin rake.

Bara Duna ya fara tangaɗi. Da ƙyar yake tashi, ƙafafun baya na rawa, in an matso kusa ya yi gurnani. Mu'awiyya mai shayi ya ce ya gan shi yana dalalar da yawu. Nan da nan magana ta gama gari: kare ya haukace, mai shi na ɓoyewa. Dagaci ya ce a kashe, amma in je in gani tukuna.

Ban sanar da zuwana ba. A bukkar na tarar da dusa a tukunya kan murhu, da tsummoki, da wata igiya da aka naɗe da zane. Ban ga dalilin dafa dusa a inda babu akuya ba. Sawu ya kai ni rafi.

Mijinyawa yana cikin ruwa har gwiwa, ya zarga irin igiyar nan mai zane ta ƙarƙashin cikin karen yana tallafe da shi, suna takawa a hankali. Muka gaisa, ina daga nesa.

"Magatakarda, aiko ka aka yi, ko rake ka zo sha?"

"An ce karenka ya haukace."

"Tsufa ne, ciwon gaɓoɓi, irin wanda ke hana ka durƙuso gaban dagaci. Wurin likitan dabbobi na kai shi a Ikara. Ya ce ruwa na ɗauke masa nauyin jiki, ya taka ba zafi."

"A me ka kai shi?"

"A kwando, bayan babur."

"Wa ya gan ka?"

"Duk wanda ya yi mini dariya a hanya."

Dusar, in ji shi, ɗumama ta yake ya ƙulla a tsumma ya gasa masa ƙugu. Yawun kuma, haƙori ne ya ruɓe. Amsoshin sun zo da sauƙi fiye da yadda nake so. Na dai san mahaukacin kare ba ya daɗewa a duniya, don haka na roƙi dagaci a jinkirta, a bar shi ɗaure.

Na riƙa zuwa ba tare da na tsayar da lokaci ɗaya ba. Har tabon kunnen karen na duba, don kar a musanya mini da wani baƙin. Wata ya shuɗe, Duna na nan, ya ma fara hawa gangaren rafin da kansa.

Na faɗa wa dagaci abin da na gani, na ƙara da abin da ba a aike ni ba: wurin da suke shiga yana sama da inda mata ke ɗiban ruwa. Aka yanke cewa karen ya tsira, amma su koma ƙasa da mashaya.

Tafiyar ta ƙaru, sai Mijinyawa ya koma saɓa shi a kafaɗa. Mu'awiyya har yau cewa yake sauƙin da karen ya samu asiri ne. Ni ban ce ba, amma nakan bi ta rafin in duba a ina sawun ya shiga ruwa.