Kaitan-bab, Wanda Ya Koya Mana Darajar Kati

Da hantsin ranar Talata, sha takwas ga watan Yuni, ruwa ya ɗan tsagaita ina shanya a baranda, sai matarka Filsu-bai ta kira ni a waya. Ko gaisuwa ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Pramila, malaminku ya tafi." Zuciya ce ta buga maka a gidanka na tsibirin Divar, a jihar Goa ta Indiya, kana da shekara saba'in da ɗaya. A takarda sunanka Caetano Rebelo, amma duk mai raba karta a jiragen caca na kogin Mandovi da Kaitan-bab ya san ka. A Goa "bab" laƙabin girmamawa ne ga namiji, "bai" kuma ga mace.

Shekara goma sha huɗu ke nan da na zo Goa daga Darjeeling, garinmu na kan duwatsu. Mijina ya mutu, na bar 'yata Nima wurin mahaifiyata, ban iya wata sana'a ba. Mu tara aka ɗauka koyon raba kartar foka, aka danƙa mu a hannunka.

Ranar farko ka shimfiɗa hannu biyu a tebur. Ɗaya jeri ne, biyar zuwa tara. Ɗayan kati biyar ne masu alamar zuciya, lambobinsu a warwatse. Ka ce wa ya ci? Na yi caraf na ce jeri, don da tin fati, kartar nan ta kati uku, na tashi, a can kuwa jeri ne babba.

Ka dube ni ta saman tabarau ka ce, "Bai, nan ba ɗakin kakarki ba ne. A kati uku jeri ya fi wuyar samuwa. A kati biyar alama ɗaya ce ta fi wuya. Wanda ya fi wuya shi ne babba. Ki riƙe dalilin, haddar za ta zo da kanta."

Haka ka hau da mu daki-daki. A ƙasa akwai hannun da bai haɗa komai ba, sai dai a duba katinsa mafi girma. Sai tagwaye, sai tagwaye biyu, sai uku masu lamba ɗaya. Jeri ya hau kansu, alama ɗaya ta hau kan jeri. Uku da tagwaye a hannu guda sun fi waɗannan, huɗu masu lamba ɗaya sun ɗara su, a can sama kuma jeri mai alama ɗaya. Duk wanda ya ruɗe sai ka sa shi ya saya wa ajin shayi. Ni na fi kowa saya.

A watana na huɗu da fara aiki, wata Lahadi da la'asar, wani attajiri mai harkar gine-gine ya buɗe jeri a teburina, wani dattijo likitan haƙori kuma ya buɗe alama ɗaya. Na ce likita ya ci. Attajirin ya watsa mini katinsa a fuska.

"Wa ya kwaso mana 'yar kan dutsen nan? Ko ƙirga ba ta iya ba!"

Manaja ya raɗa mini cewa in ce kuskurena ne, in ba shi haƙuri, babban baƙonmu ne. Na san idan na ƙi, aikin ya tafi, da shi kuwa nake ciyar da Nima. Sai ga ka. Ka durƙusa ka tsince katin ɗaya bayan ɗaya, ka jera a gabansa.

"Sahib, da kati uku kuke yi, da ni da hannuna zan tura maka kuɗin. Amma biyar ne. Ƙirga su, ba sa cizo." Ka juya ga manaja ka ce, "Idan yarinyar nan ta sauka daga jirgin nan yau, a kwalekwale ɗaya za mu tafi."

Attajirin ne ya sauka. Na zo in yi maka godiya, ka tare ni da faɗa: "Kin faɗi daidai, to me ya sa muryarki take rawa kamar ta ɓarauniya?"

Kai ka matsa mini na ɗauko Nima, Filsu-bai ta nema mata makaranta. Ranakun hutu mukan hau jirgin fito mu zo Divar, mu ci shinkafa da miyar kifi mai kwakwa, a baje karta a baranda, ana zuba 'ya'yan kashu a madadin kuɗi. Ban taɓa ganin ka sa ko rupi ɗaya a caca ba. Filsu-bai takan ɓoye katin sarki a ƙarƙashin cinya, kai kuma ka yi kamar ba ka gani ba, sai an tashi ka ce, "Shekara arba'in ina kama 'yan damfara, ashe babbarsu tana gidana."

Ranar Lahadin da ta wuce ka kira ni, ka ce an samo kaguwa, in zo da yarinya. Na ce ruwa ya yi yawa, sai mako mai zuwa. Ka ce, "To bai, Allah ya kai mu." Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Tafiyar ko awa ɗaya ba ta kai ba, Kaitan-bab, kuma ina da laima.

Ranar Alhamis aka binne ka a maƙabartar cocin ƙauyenku. Masu raba karta sun fi sittin, wasu ko rigar aiki ba su cire ba. Ɗanka Savio yana aiki a jirgin ruwa a tsakiyar teku, ta waya ya ga an rufe ka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Filsu-bai, da Savio, da ƙanwarka Irmina, da dukan waɗanda suka ci abinci da abin da ka koya musu. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta. Ya ba Filsu-bai ƙarfin zama a gidan nan ita kaɗai. Ni kuma ka yafe mini, malam.

Pramila Tamang, Panjim