Ranar da Aka Ce Noreen Ta Saki Ɗamara

Noreen Tafoya ta gama karatun gashin ƙashi, ta shiga horon ƙwarewa a wani asibiti a birnin Albuquerque, amma tsoro ɗaya ya ƙi barinta: kada majinyaci ya faɗi a hannunta.

Rannan tana koya wa tsoho Eloy mai shanyewar ɓarin jiki tafiya, ta ƙanƙame ɗamarar da aka ɗaura masa a ƙugu, sai malamarta ta ce, "Saki."

Sai ta ƙara ƙanƙame ɗamarar.

"'Yar nan," in ji Eloy, "hannunki ya fi ƙafata rawa. Ke za ki kayar da ni!"

Ta saki. Ya yi tangal-tangal, ya taka.

Har yau, ko a kanti ta ga tsoho yana tafe, sai ta tsinci hannunta buɗe a bayansa.