Hannun da Tsvetanka Ta Zana

Shekara ashirin da shida Injiniya Tsvetanka Radeva ta yi tana zanen injin famfo a masana'antarmu da ke garin Gabrovo, teburinta jikin nawa. Ba ta iya doguwar gaisuwa ba. Abin da ta iya shi ne sa zane ya yi motsi. Da manhajar da muke zane da ita take wargaza inji a allon kwamfuta, kowane noti ya fito ya tsaya a iska, sannan ya koma mazauninsa. Duk abin da ya ci karo da wani a zanen, sai manhajar ta mayar da shi ja.

Da masu saye za su zo daga birnin Plovdiv, manajan talla, Kalin, ya ce ta nuna musu ana canza robar famfon cikin minti huɗu.

Ta ce, "Ba ya yiwuwa. Ka ga notin baya ya yi ja? Cikin ƙarfe yake ratsawa."

"To kashe jan mana, Injiniya. Maɓalli ɗaya ne fa."

"Maɓallin ne zai matsar da ƙarfen?"

"Fim aka ce ki yi, ba wa'azi ba. In kujerar ta ishe ki, akwai masu so."

Ta sauka wurin Stoimen, tsohon da ke haɗa injunan, wanda muke kira Bai Stoimen don girmamawa. Ta tarar yana cin banitsa, burodin nan namu mai cuku a ciki, bayan yatsunsa duk tabo.

"Miƙo hannu, Bai Stoimen."

"Aurena za ki yi? Kin makara, tsohuwata na nan da ranta."

"Rufe baki ka riƙe sifana."

Ta auna hannun yatsa bayan yatsa, har da sifanar.

Ranar taro aka haska zanen a bango. Notuna suna fita tsaf, Kalin yana ta washe baki. Sai ga wani ƙaton hannu riƙe da sifana ya nufi notin baya. Ya maƙale, ya yi ja. Ya gwada ta hagu, ja. Ta ƙasa, ja. Sai da aka ɗaga injin gaba ɗaya, agogon da ke gefen zanen na nuna minti hamsin.

Babban baƙin ya ce, "Hannun wane ne wannan?"

Ta ce, "Masu gyaranku ma irinsa gare su."

Baƙin suka ce a matsar da notin santimita biyu, za su saya. Aka matsar, suka saya. A taron ma'aikata darakta ya yaba wa Kalin, wai ya iya riƙe amanar abokan ciniki. Kalin fa! Har tafi aka yi masa. Ita kuwa aka ce ta kunyata kamfani gaban baƙi, aka tura ta ɗakin tsofaffin takardu tana kaɗe ƙura. Bai Stoimen kaɗai ke leƙa ta, da banitsa a takarda.

Ni aka ba kujerarta. Ranar farko na tarar an riga an kashe jan. Na kunna shi, na juya allon ya fuskanci ƙofar Kalin.