Doña Hermila, Wadda Ba Ta Wuce Kowa

Kullum da safe Doña Hermila Topete takan fito da bokitin jiƙaƙƙiyar masara ta nufi injin niƙa. Ko ita ta fara isowa, sai ta matsa gefe matan unguwa su shiga gabanta. In aka ce, "Doña Mila, ai kin riga mu," sai ta ce, "Ku yi, ni ba mai jirana." Gaskiya take faɗa. Mijinta ya tafi Amurka neman aiki tun kafin a haife ni, bai dawo ba, ɗanta kuma ya bi sahunsa. Kaji ne da wani tsohon kare suke jiranta. Takan gasa wainar masara ta kai wa masu saran rake, da yamma ta ɗauki sandar gorarta ta hau tudun bayan maƙabarta ta sauko, wai don kada ƙafa ta manta aikinta.

Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba sai yau. Fada, limaminmu, shi ne ya ce in cika shafi a takardar cocinmu, na ce to. In kun ga inda na yi tuntuɓe ku yi haƙuri, wadda nake magana a kanta ta saba da masu tuntuɓe.

Duk watan Maris, in ayarin garinmu ya kama hanyar garin Talpa da ƙafa don ziyarar Uwarmu Maryamu, kowa ya san gurbinsa. Masu tuta a gaba, sai makaɗa, sai mata masu jan addu'a, sai samarin da suka zo don 'yan mata. Can ƙarshe, inda waƙa ba ta kaiwa, Doña Hermila. Fiye da shekara talatin tana wurin. Ƙa'idarta ɗaya ce, ba ta wuce kowa. In ka tsaya ɗaure takalmi, ta tsaya. In ka zauna ka rantse ba ka ƙara taku, ta zauna ta ciro lemon tsami da gishiri. In ƙafarka ta yi bororo, ta ƙona allura da ashana, ta zura zare ta bar shi a ciki don ruwan ya tsiyaye kana tafiya. Samari suna ce mata Wutsiya. Tana amsawa.

Goggona Refugio ta ce abin ya samo asali ne tun Doña Hermila tana amarya. Ta gurɗe a ziyararta ta farko, ta zauna gindin bishiya tana jiran wani daga garinmu ya waiwayo. Yini guda baƙi suna wucewa suna yi mata sannu, namu ba wanda ya lura sai da aka zo rabon abinci. Ita ba ta taɓa ba da labarin ba. Da na tambaye ta, cewa ta yi, "Goggonki da baki, kamar rediyon da aka manta a kunne."

Ni ma na taɓa zama a gabanta. Shekarar da na fara zuwa, a hawan da ake kira Gadon Bayan Shaiɗan, na ɗaga kai ban ga kowa ba, sai duwatsu da gicciyoyin itace na waɗanda hanya ta cinye. Na fara kuka a hankali don kada a ji, alhali ba mai ji. Sai na ji ƙwas, ƙwas, sanda a kan dutse. Ba ta ce in daure ba, ba ta yi mini wa'azi ba.

"Ni ce ta ƙarshe ko?" na ce.

"Ke? Ina kika samu wannan matsayi? Ni ce ta ƙarshe, 'yar nan. Ki nemi naki."

Abin da wannan aiki ya ci mata, kaɗan ne suka taɓa tunaninsa. Ranar isa, ayari yakan haɗu a Gicciyen Romero, inda ake hango garin a ƙasa, a sauka tare da kiɗa. Ƙararrawa ta ɗauka, fada ya fito bakin ƙofa ya yayyafa wa tuta ruwan albarka, a shiga a yi babbar addu'ar Misa da sunan garinmu. Ba a jira, don ayarin wasu garuruwa suna baya suna jiran nasu lokaci. Doña Hermila ba ta taɓa ganin wannan ba, ko sau ɗaya. Kullum akwai wani mai ɗingishi, kullum sai an watse take isowa. A motar komawa gida takan tambayi na kusa da ita a hankali, "An ce in ƙararrawar ta ɗauka har a haƙori ake jinta. Haka ne?"

Bara likita ya duba gwiwoyinta ya ce wannan ce tafiyarta ta ƙarshe. Don Abundio, shugaban ayari, ya tara mutane ya ce bana ita za ta riƙe igiyar tuta ranar shiga, baya kuma Chuy direba zai biyo da a-kori-kurarsa ya kwashi duk wanda ya gaza. Ta yi gardama, aka fi ƙarfinta. Na san ta ji daɗi, don ta ɗinka sabuwar riga shuɗiya, ta naɗe ta cikin leda a ƙasan jakarta.

A cikin ayarin akwai Don Crescencio mai aski, wanda duk rayuwarsa bai taɓa tafiyar da ta wuce kasuwa ba. Matarsa Otilia ta yi wa'adin zuwa da ƙafa lokacin da jikarsu take kwance a asibiti. Yarinya ta tashi, Otilia ta rasu kafin Maris. A wurinmu wa'adi ba ya bin mai shi kabari, sai wani na gida ya ɗauka, in ba haka ba mamaciyar ba ta samun hutu. Don haka ya rataya mayafinta a wuya ya fito.

Ranar isa, da hantsi, muna tsaye a Gicciyen Romero. Doña Hermila ta sa shuɗiyar rigarta, igiyar tuta a hannu, makaɗa suna gwada ƙahoninsu. Sai ga motar Chuy ta iso, mutum biyu a baya suna fifita. Ta dube su, ta dubi Chuy.

"Wa ke baya?"

"Ba kowa, Doña Mila. Na share hanya tas."

"Mai aski fa?"

Chuy ya sosa ƙeya. "Wannan tsohon taurin kai ne da shi. Na ce ya hau, ya ce Otilia ba ta yi wa Uwarmu alkawarin tayar mota ba. Ya ce in wuce, yana tafe."

"Ka wuce shi."

"Shi ya ce mana."

"Kowa haka yake cewa, Chuy. Kai ma haka ka ce mini shekarar da ka yi amai a takalmina."

Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Don Abundio ya matso ya ce, "Hermila, yau taki ce. Saura saukar nan kawai. Zan tura yaro." Ta dubi samarin, kowa ya sunkuyar da kai yana gyara hula, don ba mai son a shiga Talpa ba da shi ba. Ta daɗe tana kallon hasumiyoyin cocin a ƙasa. Sannan ta miƙa wa goggona igiyar, ta ce, "Ki jiyo mini ƙararrawar da kyau," ta ɗauki sandarta ta juya.

Sauran labarin Don Crescencio ne ya ba ni, yana wasa almakashi. Ya ce ta same shi zaune a kan dutse, ya cire takalmi, yana magana da mayafin. Ya ce mata, "Ke kuma me ya dawo da ke, da rigar biki?" Ta ce, "Na zo aski ne. Miƙo ƙafar." Ta zura masa zare, suka tashi. Suna cikin tafiya iska ta kawo ƙarar ƙararrawa daga nesa, siririya kamar cokali a jikin kofi. Ya ce ya ji sandar ta tsaya a bayansa. Bai iya waiwayawa ba. Can sai ya ji ƙwas, ta ci gaba.

Da yamma suka isa. Filin coci ba kowa namu, sai furanni da aka tattake da masu alewar gwaba suna naɗe kaya. Ya shiga da gwiwa har gaban Uwarmu, ya shimfiɗa mayafin, ya ce, "Otilia, ga shi kin iso." Doña Hermila ta tsaya a bakin ƙofa, a bayansa. Wata tsohuwa mai sharar cocin ta jingine tsintsiya ta ce mata, "Yau kin yi ado. Ni dai sai na gan ki nake cewa mutanen garinku sun iso." Duk Talpa ita kaɗai ta san fuskarta.

Doña Hermila, ke ce wadda ƙeyar kowa ta sani amma ba a san fuskarki ba. Ke ce kika zauna da mu a wuraren da muka fi jin kunya, kika ga kukanmu da amanmu, ba ki taɓa kai labarin gari ba. Ana cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Ba a faɗa mana cewa mai sannun yana bukatar wani a bayansa ba, ke kika koya mana. Ba mu da hanyar mayar miki da ƙararrawar nan. Mun gode, ko da godiyar ma ta iso bayan an watse.

Maris ya kusa. Sandar gorar tana jingine a bakin ƙofarta, ba wanda ya je ya karɓa ya gaji gurbinta. Ba sai mai ƙarfi ba, ba sai wanda ya iya addu'a ba, sai dai wanda zai iya jin kiɗa yana nisa ya ƙi ɗaga ƙafa. Ta ce mini ranar tashi za ta fito ƙarshen gari da kujerarta ta ga wucewarmu. Na san abin da za ta tambayi Don Abundio in tuta ta zo daidai da ita. Za ta ce, "Wa ke baya?" Ina roƙonku, mutanen garinmu, kafin ranar mu samu sunan da za mu ba ta.