Haƙarƙarin Tulu Ya Fito, Likita

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Maris, Allah ya karɓi ran likitan dabbobi na ƙarshen layinmu, bayan gajeriyar jinya. Ni mai gadin ma'ajiyar katako ne, rubutu ba aikina ba ne, amma in ban faɗi wannan ba zuciyata ba za ta bar ni ba.

Likita, ka tuna ranar da na kawo maka karena Tulu? 'Yan dako ne suka raɗa masa sunan, don ya yi ƙiba har tsallake dokin ƙofa ya gagare shi. Karen gadi, amma ba ya komai sai barci a rana, gashin wutsiya duk ya zube. Kowa ya ce ni ke ɗura masa abinci. Na rantse har na gaji. Na mayar da kwanonsa rabi, yana bina da idon yunwa, ƙibar ko gezau. Maigidanmu ya ce in bai gyaru ba a yi masa allurar mutuwa, a sayo wani. Karen da na raina tun bai buɗe ido ba!

Na zo a shirye in sha faɗa. Sai ka bar kujerarka, ka zauna a ƙasa da farar rigarka, kana shafa wuyansa. Ashe haka kake wa kowace dabba, ba a ɗora maka ita kan tebur sai kun gaisa. Ka ɗebi jininsa. Da sakamako ya fito ka ce, "Baba, ba haɗama ba ce, ba kuma laifinka ba ne. Akwai wata 'yar tsoka a wuya da ke ba jiki sinadarin ƙona abinci. Tasa ce ta yi sanyi." Wallahi a gabanka na zubar da hawaye, da furfurata da komai.

Da ƙafarka ka taka har ofishin maigida ka roƙa wa Tulu lokaci. Ka ba ni ƙwayar da zai riƙa sha kullum, sannan ka kama hannuna ka ɗora a gefen ƙirjinsa. "Ranar da yatsunka suka ji haƙarƙarinsa, ka zo ka yi min albishir. In naka ka fara ji, to ka ƙara loma."

Kowace safiya sai na laluba, wata da watanni ba abin da nake ji sai kitse. Ranar Laraba na ji haƙarƙarin Tulu, ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaura masa igiya muka fito, shi ke jana a titi, ni ke haki. Muka iske ƙofarka a rufe, ma'aikaciyarka na zaune a waje, idonta jawur. Ashe tun jiya aka kai ka makwancinka.

Tulu ya yi ta karce ƙofar, daga baya ya kwanta. Ban iya jan sa ba, ni ma sai na zauna.

Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka. Yadda ka tausaya wa marar baki, Allah ya tausaya maka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka da 'ya'yanka, Allah ya ba su haƙuri da dangana.

Maigida ya janye maganarsa, Tulu zai rayu. Haƙarƙarin ya fito, Likita. Na zo da albishir kamar yadda ka ce, ban same ka ba.